Rogon da Ban Ɗanɗana Ba

Mu a Gadarif dawa muka sani. Kisra, wainar dawa mai faɗi, da rana, tuwo da yamma, haka na tashi. Rogo a bakin kakata kawai na san shi, ita da ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafarta za ta Makka, tafiyar ta ƙare mata a nan. Takan ce a dafa shi, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da barkono, mutum ya ci ya yini yana noma bai waiwayi tukunya ba. Ta rasu ban taɓa ganin saiwarsa ba.

Wata damina, rumbu ya yi ƙasa, maigidana yana aikin gona a Gedambaliya, sai ƙanensa direban lori ya sauke mana rabin buhu. Ya ce bafra ce, daga kudu. Ina karya ɗaya na ga fari fat, na ce wallahi rogon kakata ne.

Maƙwabciyata tsohuwa ce 'yar kudu, shayi take sayarwa a bakin tasha. Ta leƙo ta kan danga, ta ga ina ferewa. Ta ce, "Ya bitti," wato 'yata, "wannan mai ɗaci ne. Sai ya kwana uku a ruwa."

Na ce, "Khalti," haka muke kiran manyan mata, "abincin kakannina ne. Tun kafin a haife ki muke cin sa."

Ta dube ni, ta ja mayafinta ta tafi. Ni da ban taɓa cin sa ba!

Ranar ina azumin ramuwa, shi ya sa ban kai ko gutsure bakina ba. Na dafa sama-sama don gawayi ya ƙare. 'Yata ta fari, shekararta bakwai, ta dawo daga makaranta da yunwa. Ta ci loma biyu ta ɓata fuska.

"Inna, da ɗaci."

"Ci ki rufe mini baki. Wasu ko wannan ba su samu ba."

Ta cinye, don tana tsorona.

Kafin la'asar ta ce kanta na juyawa. Sai amai. Ta miƙe za ta wurin randa, ƙafafunta suka lanƙwashe kamar an jiƙa tsumma. Numfashinta sama-sama, goshinta sanyi ƙalau, ina kiran ta tana kallon bayana. Ban san na yi ihu ba sai da na ga tsohuwar nan a tsakar gidana, ba takalmi. Tukunyar ta kalla, ta ɗauki saura ta ƙulle a gefen mayafi, ta ce, "Goya ta."

An yi ruwa da hantsi. Wanda ya san baƙar ƙasarmu ya san abin da nake nufi: ko raksha, keken haya mai ƙafa uku, ba ta shiga unguwa. Na goya ta kamar jaririya, laka tana riƙe mini ƙafa har ƙwauri, kanta yana bugun kafaɗata. Duk taku sai na tsaya in ji ko ƙirjinta yana motsi a bayana. Sau ɗaya ban ji ba. Na girgiza ta da ƙarfi har ta yi nishi, wannan nishin ya kai ni bakin kwalta.

A asibiti tsohuwar ta kwance mayafi ta nuna wa likita. Aka sa wa yarinyar ruwa, aka yi allurai. Ana kiran magariba aka miƙo mini dabino, na riƙe shi har ya narke a hannuna. Ban kai komai bakina ba sai da yarinyar ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishi.

Likitar ta ce rogo abinci ne mai ba da ƙarfi da riƙe ciki, a haɗa shi da gyaɗa ko wake ya gina jiki, amma mai ɗaci akwai dafi a ciki, sai an fere, an jiƙa, an shanya. Abin da aka gaya mini ta kan danga ke nan.

Sauran buhun a gidan tsohuwar muka jiƙa shi. Kwana uku tana zubar da ruwan tana sakewa, ina tsugune ina kallo. Muka shanya, muka daka, na tuƙa tuwo. Ni na fara ci, na zauna har inuwa ta juya. Sannan na kira yarinyar. Ta ƙi. Ban matsa mata ba.