Yakuba Mai Awon Baɗi

A layin teloli na kasuwar Wadata kowa yana auna mutumin da ke tsaye a gabansa, ban da Yakuba. Shi wanda yake aunawa bai iso ba tukuna. Zai zagaya ka da metir ya karanta lamba, sannan ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya dube ka kamar mai taya ragon layya, ya ƙara abin da ya hango.

Daga Tasawa ya zo Yamai yana saurayi, da kan keken ɗinki a cikin buhu. Abin da ya mai da shi haka tsohon ciwo ne. Yana ɗan lakwal, wato makarantar boko, aka ɗinka masa riga cif-cif, kafin damina ta fita cibiyarsa ta fara gaida mutane. Shekara biyu ya yi yana jan riga ƙasa, riga tana komawa sama. Tun daga nan ya ƙulla gaba da cif-cif, kuma har ya yi furfura ba a sasanta su ba.

Kowane ƙari da sunansa a bakinsa. Yatsa biyu shi ne “jibi”, na wanda ya tashi daga zazzaɓi, naman jikinsa na nan tafe. Yatsa huɗu “bayan salla”. Taƙi guda “baɗi”, na ƴan lakwal, kuma uwayen yara ba su da tela sai shi. Mai taƙi biyu kuwa “baɗin baɗaɗa” ne, wanda yake ajiye wa samarin da aka ɗauka sabon aikin biro, wato ofis, a unguwar Plateau.

“Tumbi daga biro zuwa biro yake tafiya,” in ji shi. “Yana iya makara, amma bai taɓa ɓatan hanya ba.”

Isaka, Bazabarmen da ke sayar da zare da maɓalli a rumfar kusa, kullum sai ya ɗaga wando sama ya leƙa ciki.

“Yakuba, mutum nawa za su shiga nan?”

“Mutum ɗaya. Bai gama zuwa ba ne.”

Haka ake ciki har aka sa ranar auren Rahina, autarsa. Angon Sadiƙ ne, mai gyaran wayar portabul, yaro mai ladabi, amma siriri ne har in ya juya gefe sai ka yi cigiyarsa. Kai shaddar aure wurin wani tela alhali surukinka tela ne, ai zagi ne da rana tsaka. Don haka ya kawo ta, ya durƙusa ya gaida Baba, idonsa a ƙasa.

Da Yakuba ya zagaya ƙugun yaron da metir ya ga lambar, sai tausayi ya kama shi, ƙauna kuma ta biyo baya. Ya ba shi baɗin baɗaɗa. Ya sake dubansa, ya tuna irin miyar da Rahina ta koya wurin uwarta, ya ƙara yatsa huɗu.

Ranar Laraba Sadiƙ ya zo gwaji, ɗaurin aure kuwa Asabar. Ya shiga rigar, aka ɗan jira, kansa ya fito. Hannuwan dai ba su fito ba.

“Yaya ka ji ta?” in ji Yakuba, yana gyara masa kafaɗa a daidai gwiwar hannu.

Wa zai dubi surukinsa ya ce ɗinkinsa bai yi ba? Sadiƙ ya dubi hannun rigar da ke reto.

“Ta yi, Baba. Ta yi ƙwarai.”

Isaka ya cusa fuska cikin kwalin zare, kafaɗunsa na rawa.

Ba a yi awa biyu ba sai ga Rahina da kwanon abincin rana a hannu ɗaya, portabul a ɗayan. Ashe ango ya kasa yi wa Baba magana, amma bai kasa tura wa amarya foto ba.

“Sannu da aiki, Baba. Ashe rumfar bikin ma kai ka ɗinka mana?”

“Ke Rahina, ajiye kwanon nan ki kama bakinki.”

“Na kama. Amma a rage rigar.”

Yakuba ya cire tabarau. A shekara talatin da wani abu almakashinsa bai taɓa komawa kan ɗinkin da ya gama ba, kuma a ganinsa wannan ba maganar ƙyalle ba ce.

“In na ɗinka masa daidai jikinsa na yau, me na gaya wa duniya? Na ce haka zai tabbata ke nan. Na ce ba zai samu ba, na ce ƴata ba ta iya tukunya ba. Ni in yi wa gidanki wannan fatan da hannuna? Ƙarin nan da kike gani addu'a ce.”

“Amin, Baba. Amma addu'ar ta yi masa yawa, ko tafiya ba ya iyawa a ciki.”

“Baɗi war haka zai cika ta.”

“Mai ɗaukar foto gata zai zo, ba baɗi ba.”

“Foto! Abin minti ɗaya?”

Rahina ta zauna a kan benci, ta sassauta murya irin ta auta in tana son abu.

“Baba, rigar shekara nawa za ta yi? Biyar? A ce goma. Foton kuwa bango za a kafa shi. Jikokinka za su tsaya a gabansa, su da nasu jikokin. Su ce ga Inna, to ina Baba? A ce musu yana ciki, ku duba da kyau. Su ce wa ya yi ɗinkin?”

Yakuba ya mai da tabarau. Tunda yake, ba a taɓa shan gabansa a hangen nesa ba. Shi iyakarsa baɗin baɗaɗa, ga yarinyar da ya goya jiya ta tsallake shi da shekara sittin, ta tara masa jikoki suna nuna ɗinkinsa da yatsa suna dariya. Ya duba duk awon da ya sani, babu mai kaiwa can.

“Ki ce ya maido ta,” ya ce can ƙasa-ƙasa. “Kuma kada uwarki ta ji.”

“Ita ta aiko ni.”

Washegari duk layin ya san Yakuba zai rage riga. Teloli suka bar kekunansu suka zo kallo. Isaka ya kawo kujerarsa ya dasa a bakin shago.

“Fofo, sannu da aiki, Yakuba! Ragowar a ba ni, labule nake so.”

Yakuba ya shimfiɗa rigar a kan tebur. Ya yi bisimilla sau uku kafin almakashi ya kama, yana yanka yana tsaki kamar naman jikinsa ake ɗiba.

Ranar Asabar Sadiƙ ya fito cikin shadda ruwan sararin sama, ta zauna masa ɗas. Abokansa suka yi ta zagaya shi, wai ashe yana da kafaɗu. Aka tambayi wane tela ne, aka faɗa, aka ce ƙarya ne. Mai foto ya ɗauka, ango ya fito da hannuwansa biyu, kowa na gani.

Yakuba na zaune cikin dattawa, ya kanne ido ɗaya yana bin yaron da kallo. Kyan ɗinkin ya shige shi, ba zai dai faɗa ba ne. Isaka ya zungure shi.

“To, maigida, yaya?”

“Ba laifi,” in ji Yakuba. “Wata shida na ba shi, za ta matse shi.”

Sai ya ɗaga murya wajen masu rabon abinci, ya ce a ƙara wa ango nama.