Gishirin Mutum Sittin a Tukunyar Mutum Biyu

An wulaƙanta 'yata a gaban jama'a a kan girki, kuma har yau da nake rubuta wannan da hannuna ban huce ba. Ina jin haushin makarantar da ta aiko da takardar Turanci gidan da uwar ba ta karanta ko da Hausa. Ina jin haushin matar da ta buɗe baki ta faɗi abin da ta faɗa. Wadda na fi jin haushinta kuwa ni ce kaina, shi ya sa abin ya ƙi wucewa.

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika gari ne. Muna haya a Fagge, ina da rumfar abinci a bakin tashar jirgin ƙasa. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, leburan da a da miya kawai ake yaryaɗa masa ya koma cewa a sa nama biyu, ya girke sabon rediyonsa a kan benci yana ci yana kaɗa ƙafa. Tukunyata ta ƙarfe ce mai ƙafa uku, mudu bakwai na shinkafa take ɗauka a ɗori ɗaya, mutum sittin su ci su ƙoshi. In jirgin Ikko ya iso da rana, sai a sake ɗorawa.

'Yata ta fari ce ke tsaya mini a kan tukunyar nan. Ba na kama sunanta, ba na yabonta a gabanta, da kunyar ɗan fari aka raine mu. Amma a takarda zan faɗa: tun tana shekara tara na bar mata sa gishiri. Ta dumbuza da hannu sau uku, ta watsa, ta juya da muciya, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, shi ke nan. Ban taɓa gyara mata ba.

Tana aji shida a wata firamare a Sabon Gari. Kullum a makare take zuwa, domin sai ta ɗora mini sanwar safe kafin ta sa kayan makaranta. Sakamakonta kuwa, in ba ta zo ta ƙarshe ba, to wani ne ya yi rashin lafiya.

“Inna, zaman me nake yi a can?” ta ce da ni wata rana tana kankare tukunya. “Ga aiki nan ya yi miki yawa.”

“Zaman da ni ban samu ba,” na ce.

Ni na san abin da nake gudar mata. Na gaji da dangwala yatsa a asibiti, na gaji da tsayar da mutane a titi su gaya mini abin da aka rubuta a jikin ƙofa. Sai da na haura arba'in na zauna a kan tabarma a ajin yaƙi da jahilci ina haɗa baƙi da wasali. A lokacin da nake ba da labari, ko sunana ban sani ba in na gan shi a rubuce. Ina son ta yi karatu, kuma ni ce nake cinye mata safiyarta. Ban ga wani karo tsakanin abu biyun nan ba.

Wata Asabar malamarsu ta girki da ɗinki ta zo rumfa. 'Yar Ibo ce siririya, a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tamu.

“Mama, za a yi gasar girki tsakanin makarantu. Na sa sunan 'yarki.”

“Gasa da su wa?”

“Da 'yan aji shida na sauran makarantun.”

Na yi dariya har na ajiye ludayi. “Malama, ki ce su taho da iyayensu mata, a haɗa a kayar gaba ɗaya.”

Ita ma ta yi dariya, sannan ta ce za a riƙa yin gwaji bayan an tashi daga makaranta, sau biyu a mako. Na ce atafau. Lokacin ne jirgin Ikko yake zuwa, kuma gwajin me za a yi wa wadda take girki tun kafin malamar ta karya kumallo?

Yarinyar kuwa ta canza. Ta koma tashi tun kafin kiran salla don ta gama nata ta tafi da wuri, duk da haka ƙararrawa tana riga ta. Ita ce ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba: “In na ci, zan tsaya in yi jarrabawar shiga sakandare. In ban ci ba, Inna, a girkin ma ban ci ba ke nan, me kuma ya rage?” Na ce ta daina maganar banza, wa zai kayar da ita.

Da malamar ta ga gwaji ba zai yiwu ba, sai ta ba ta takarda guda, an buga da keken rubutu. Yarinyar ta kawo mini rumfa tana juya ta a hannu.

“Inna, wa zai karanta mana? Akwai wuraren da ban gane ba.”

“Me ke ciki?”

“Yadda za a yi girkin.”

“Girki a takarda? Kawo nan.”

A daidai lokacin wani direba yana tsaye yana jiran a ƙunshe masa soyayyen nama, takardar ƙunshi kuma ta ƙare. Na ƙunshe masa da ita. Yarinyar ta bi shi da kallo har ya hau motarsa.

Ran Laraba aka yi gasar, a zauren wata makaranta a Sabon Gari. Na sayar da ɗorin safe na rufe rumfa. Maƙwabciyata ta raka ni, Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, ƙofarta tana kallon tawa, Iya muke ce mata. Iyaye ba a bar su sun shiga ba, sai muka tsaya a bakin taga.

Da na leƙa sai na ga ba irin girkinmu ba ne. An jera tebura, kowace yarinya da risho a gabanta, da wata 'yar tukunya da ba ta fi kwanon sha ba. Shinkafa gwangwanin madara biyu, an riga an auna an ajiye. Tumatir, albasa, tattasai, ɗan mai a kofi, gishiri a faranti, da wani ɗan cokali kamar na shan magani. Dafa-duka za a yi, ta mutum biyu. Kowace yarinya ta shimfiɗa takardarta a gefe tana dubawa. Tawa ce kaɗai teburinta babu takarda.

“Wannan tukunya ce ko wasan yara?” na ce.

“Yi shiru ki yi kallo,” in ji Iya.

Aka kaɗa ƙararrawa. Kafin sauran su gama ɓare albasa ɗaya, tawa ta gama yanka komai. Har wasu malamai suka matso suna kallon hannunta. Na gyara tsayuwa, na gyara ɗauri. Risho ya ɗan ba ta wahala, domin ita wutar itace ta sani, in ta yi yawa a janye itace ɗaya, amma ta gano kansa.

Sai aka zo gishiri. Ɗan cokalin ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kai hannu faranti. Ba wauta gare ta ba, ta san tukunyar ƙarama ce, na ga ta rage, ta sake ragewa, sau ɗaya kawai ta dumbuza maimakon uku. Amma hannun da ya saba da mutum sittin, ko ya rage, na mutum ashirin zai ɗebo.

Ta juya, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa. Na ga fuskarta. Ta riga kowa sani.

A rumfa wannan ba komai ba ne. Gishiri ya zarce, a ƙara ruwa a ƙara shinkafa, a sami riba ma. Na ga ta waiwaya tana neman buhu, kamar yadda take yi a wurina. Babu buhu. Gwangwani biyun nan su ke nan, kuma suna cikin tukunya.

“Ƙara ruwa!” na ƙwala ta taga.

Duk zauren ya juyo. Wani malami ya taho da sauri yana cewa, “Haba Mama, a yi shiru mana.” Iya ta mintsine ni a cinya. Yarinyar kuwa ba ta taɓa ƙin maganata a kan tukunya ba. Ta ƙara ruwa. Gishirin bai tafi ba, shinkafar kuma ta caɓe.

Babbar mai alƙalancin daga ofishin ilimi ta zo, Bahaushiya 'yar'uwata, da tabarau da gashin kanti. Tana bin tebura da cokali, ta ɗanɗana ta rubuta. Da ta zo kan tawa ta kai baki, sai ta runtse ido, ta shiga neman kofin ruwa. Yara suka fashe da dariya. Da ta sha ta huta, sai ta ce, da muryar da har mu na waje muka ji:

“'Yan mata, a gida ba a koya miki girki ba ne?”

Wallahi da Iya ba ta riƙe mini zane ba, da ta tagar nan zan shiga. Direban da ya kawo matar yana zaune a gindin bishiya, kullum a rumfata yake cin abincin rana, kuma yarinyar nan ce take dafa abin da yake lashe kwano a kai. Da ya gan ni ma har ya taso yana washe baki: “Mama mai shinkafa, yaya, mun ci ko?” Na juya masa baya.

'Yar wani akawu ce ta ci. Na lura da ita tun farko, a hankali take komai, ta duba takarda, ta cika cokali, ta share bakinsa da wuƙa. Da aka fito da farantan don iyaye su taɓa, na ɗanɗana nata ina neman aibu. Ba wani daɗi na a zo a gani ba ne, amma daidai yake. Ban sami aibun ba, wannan ya ƙara mini haushi.

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da malamarsu. Idonta ya yi ja.

“Mama, komai yana cikin takardar. Rabin ƙaramin cokali aka ce.”

“Malama, kin san ba na karatu.”

“Shi ya sa na ce ta zo gwaji.”

Na juya na kama hanya. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a tasha ba.

Daga Sabon Gari har Fagge yarinyar tana gaba muna baya, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Muna shiga ta tuɓe kayan makaranta, ta ninke su tsaf, ta buɗe akwati ta sa su can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan salla. Ta ɗaura tsohon zanenta ta ce, “Inna, gobe ni zan buɗe rumfa, ki huta.” Ta tafi wanke tukwane.

Na fita tsakar gida bakin famfo ina ta faɗa. Na zagi tabarau, na zagi gashin kanti, na zagi risho da wanda ya kawo shi ƙasar nan. Iya tana tsince wake, ta bar ni sai da na gaji.

“Tun la'asar kike zagin mai tabarau,” ta ce. “Ita ta ƙunshe nama a takardar?”

“Iya, kar ki fara.”

“Na riga na fara. Baban yara yana karanta Turanci, taku nawa ne daga ƙofarki zuwa tawa? Kafin ki yanka albasa ɗaya ya karanta miki. Girman kai ne, ƙawata. Kin iya tukunya ɗaya, kin ɗauka ita ce duk tukwanen duniya.”

“Su kuma da suka san iyayen yaran ba sa karatu fa? Ba su da baki ne, sai takarda?”

“Suna da laifi. Je ki ofishin ki gaya musu. Kafin ki dawo 'yarki ta zama mai shinkafa ta biyu.”

Na yi fushi da ita har ban amsa sallamarta ta magariba ba.

Da asuba na ji yarinyar tana haɗa itace. Na ce ta ajiye, yau ba a hura wuta, masu ci su nemi wani wuri. Na buɗe akwati na ciro kayan makarantar, na zuba gawayi a dutsen guga na goge su da kaina.

“Inna, na ce na daina.”

“Ni ban ce ba.”

Ta tsaya riƙe da itace ɗaya a hannu. Abin da ban taɓa faɗa a gabanta ba, ran nan na faɗa, ina kallon dutsen guga: “Duk tashar nan babu mai hannunki. Ni ce ban koya miki ƙaramar tukunya ba, don ni ma ban iya ba. Sa kayanki.”

Na ƙwanƙwasa wa Iya, na ari 'yar tukunyar da take dafa magani a ciki. Ta miƙo mini, ta ɗora ƙaramin cokali a kai.

Ran nan kafin a kaɗa ƙararrawa muka isa makarantar, karo na farko a shekarar. Na sami malamar a bakin ajinta, na ajiye tukunyar a kan teburinta.

“Malama, ki sake rubuta takardar nan. In an fita hutun ƙarfe tara ki karanta mana layi-layi, ni da ita, ki fassara. Daga yau kuma safiyarta taku ce.”

Na tura yarinyar cikin aji, na ɗauki tukunyar na ɗora a cinya, na zauna a kan bencin bakin ƙofa ina jiran ƙararrawar hutun.