Ƙafar Kawu

Kawuna tsohon soja ne, da igiyar saje ya yi ritaya. Da ya zo Dubai sarin kayan waya, a ɗakinmu na haya a Muraqqabat ya sauka. Ni na nace a yi masa inshorar tafiya, don ni ko murhu na kashe sai na koma na duba.

"Kurtu, ka cika tsoro," in ji shi. Haka yake kirana tun ina ƙarami. Ya zaro katin asibitin bariki daga aljihu. "Wannan ya ishe ni har kabari."

Yawon shagunan Sabkha ne ya tayar masa da ciwon. Akwai guntun ƙarfe a ƙaurinsa na hagu tun filin daga. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi. A asibiti ni ne tafinta. Likita ta tambayi yaushe abin ya fara. To, ba a yi wa tsohon soja wannan tambaya a samu gajeriyar amsa. Ya naɗe wando, ya gyara zama, ya ɗauko labarin tun daga ramin da suka ɓuya.

"Faɗa mata duka, kurtu. Kada ka rage."

Na faɗa duka, don gaskiya ce. Ta rubuta. Ta ce a cire ƙarfen cikin gaggawa, in ba haka ba ƙafar za ta tafi.

Masu inshora suka ce tsohon rauni ne, na aikin soja, sojoji su ɗauki abinsu. Khalas, wato magana ta ƙare, in ji yarinyar da ke kan tebur, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na kira asibitin bariki a gida. Wani ya ce, "Shi saje bai san oda ba ne? Mu muke tura mutum wani asibiti, ba shi ke tura kansa ba. Ai yana da inshora a can, su yi masa."

Na kira waɗannan, na koma na kira waɗancan. Kowa na nuna mini ɗan'uwansa, warin ƙafar kuwa ya kai abokan ɗakinmu sun koma cin abinci a baranda. Kuɗin aikin ya fi ƙarfinmu. Da ƙyar jirgi ya yarda ya ɗauke shi zuwa gida.

A bariki sun karɓe shi, har da sara masa. Suka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Abin da ke ƙona mini rai, mutum ɗaya, kati biyu, kuma kowane ɓangare katin ɗayan ne hujjarsa ta ƙi. Jiya mun yi waya, ya ce sun ba shi sanda kyauta, wai na ga amfanin katin.

Na ce, "Na gani, Kawu." Na kashe wayar kafin in faɗi abin da bai dace ba.