Awakin dagaci da shirin manoma

"To, yaya kuka ji shirin namu?" in ji ma'aikacin gidan rediyo, yana gyara tabarau.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba a lokacin. Shi da kansa ya kawo mana akwatin rediyo Dandamisa, ya girke a zauren dagaci, wai za a koya mana noma. Sai suka sa shirin da hantsi, tsakiyar damina, kowa yana gona.

Na ce, "Ranka ya daɗe, awakin dagaci za ka tambaya. Su ba sa fashi."

Wallahi bawan Allah ya rubuta cewa ana saurare kullum.

Jiya na ji shirin manoma ƙarfe goma na safe. Jama'a, a garinku ma har yau awaki ake koya wa noma?