Malamar da ta hana a kore ni

Kafin sunana ya ɓaci, gyaran waya nake yi a Tudun Wadan Zariya. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ina son rubutu. Shi ya kai ni cikin masu aikin sa-kai da ke rubuta kundin ilimi na Hausa a intanet, wanda kowa ke iya gyarawa.

Da ƙiyayya na shiga. Duk shafin da ya ambaci Kiristocin Zariya, sai in saka kalmar "baƙi". Sauran marubuta suka ce a rufe asusun da nake rubutu da shi. Malama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare kuma ɗaya daga cikin masu kula da kundin, ta ce a dakata. Ta hau keke napep har shagona.

"Kai ne mai ce mana baƙi? A Zariya aka binne kakana. Ba ni kujera, gwiwata ta ƙi."

Ta roƙa aka bar ni, bisa sharaɗin in nisanci shafukan addini, ita kuma ta riƙa duba duk abin da na rubuta. Na yi rubutu kan majema, kan noman albasa. Tana gyarawa tana dariya: "Ɗana, wannan jimla ko mai gudun fanfalaki sai ya huta a tsakiyarta." Da ta ga na natsu, ta daina dubawa.

Nan na ci amanarta. Wani mutum da ke gaba da wani mai makaranta a unguwar Kwangila ya biya ni, na rubuta cewa mai makarantar ya zagi addini, na ƙirƙiri sunan jaridar da ta ruwaito. Kafin a goge, an ɗauki hoton shafin an yaɗa. Matasa suka jefi gidan mai makarantar. 'Yarsa ta rasa ido ɗaya. Kotu ta ɗaure ni.

Malama da hannunta ta rufe asusun. Ita ce kuma ta zo gidan yari da kwanon dambu.

"Na rufe, kuma ba zan buɗe ba," in ji ta. "Ci tun da ɗumi."

Ta rasu ina ciki. Da na fito na je unguwar Kongo yi wa 'yarta ta'aziyya, na tsuguna a bakin ƙofa, na kasa shiga. Ta ce, "Mama ba ta taɓa yin nadamar tsaya maka ba. Abin da ya dame ta har ta kwanta, daina dubawar da ta yi."

Na nemi gafarar Allah. Mai makarantar bai yafe ba, kuma yana da gaskiya.

Ku matasa masu wannan aiki, idan irina ya shigo cikinku, ku zauna da shi kafin ku kore shi, amma kada ku ɗauke ido daga rubutunsa. Kai kuma da wani ya tsaya maka, ka sani da mutuncinsa kake rubuta kowane layi. Ni da nata na rubuta, ba ta kuma nan balle in mayar mata.