Gwankin Baba Mai Ƙafa Uku

"Ƙyauren Baba ba zai taɓa ganin ruwan sama ba." Haka ka ce mini, Yaya Sabi'u, ranar da ka sa wa shagonsa ƙofar ƙarfe. Jiya na je Tsohon Birnin Gwari, na tarar an rufe akurkin kaji da shi.

A jikin ƙyauren nan Baba ya zana gwanki, shekarar da aka canja hannun tuƙi. Sai da ya kwana uku a daji yana kallon dabbar kafin ya taɓa fenti.

Ina yarinya na ce, "Baba, ƙafa uku ka yi masa."

Ya ce, "Ta huɗun tana cikin ciyawa, uwata. Na jira ya fito da ita, ya ƙi. Ni kuwa ba na zana abin da ban gani ba."

Wannan ne ubana. Ko gwanki bai yi wa ƙarya ba.

Yaya, na ba ka zuwa Juma'a ka shigar da ƙyauren nan ɗaki. In ba haka ba, ranar Asabar zan zo da mota in kai shi falona, kajin su koma ɗakinka.

Jama'a, na yi tsauri ne?