Tafin Ƙafar Surajo Mahauci

Duk wanda ya san kasuwar Buza ya san Surajo mahauci, kuma ya san mutum ne da ba ya mantuwa. In ka yi masa alheri zai riƙe, in ka taka shi ma zai riƙe, sai dai na biyun ya fi riƙe shi da kyau. Fawa gado ya yi. Tun bai kai tsawon tebur ba yake wanke hanji, ya girma a tsaye, masu tsokanarsa suna cewa aurensa ma a tsaye aka ɗaura, don ba wanda ya taɓa ganin ya zauna tsakanin hantsi da la'asar. Ya taɓa zuwa ci-rani Abijan ya yi tsire, ya dawo ya ce garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa ba garin mai nama ba ne.

Tsayuwar nan ce ta ci shi. Jijiyoyin ƙafarsa ta hagu suka kumbura suka murɗe kamar igiyar guga, fatar idon sawu ta yi baƙi tana ƙaiƙayi. Wata rana rago ya ɗan ƙuje shi a wurin, ƙujewar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, sai ta ƙi warkewa, ta buɗe ta zama gyambo. Matarsa Tabawa ba abin da ba ta gwada ba, daga garin bagaruwa zuwa zuma. Surajo ya ɗaure abinsa da tsumma mai tsabta, ya saki wando a kai, ya ci gaba da yanka.

Da an bar shi da ciwonsa da ya yi haƙuri. Amma akwai Isaka, mahaucin da uban Surajo ya koya wa riƙe wuƙa, wanda ya daɗe yana hangen teburin Surajo na bakin layi, inda mai saye yake fara tsayawa. Ranar kasuwa, Hajiya Bushira mai tuwo ta zo ɗaukar namanta kamar kullum, Isaka ya matso yana goge hannu, ya ce a hankali yadda kowa zai ji:

"Hajiya, ƙudan da ya tashi bisa ƙahwatai, shi ka sauka bisa naman ga."

Maganar ke nan, ba ƙari. Hajiya ta dubi ƙafar Surajo ta bakin wando, ta mayar da naman. Kafin a sake cin wata kasuwa labari ya kai har Babankatami cewa Surajo naman ruɓa yake sayarwa. Sarkin fawa ya kira shi ya ce ya huta tukuna har ya warke, teburin kuwa Isaka ya riƙe kafin nan. Surajo bai yi musu ba. Ya naɗe wuƙaƙensa, ya tafi gida, ya ajiye maganar Isaka a ransa yana wasa ta kullum safiya.

Tabawa ce ta ji cewa wasu likitoci daga Yamai sun sauka Madawa suna bincike a kan irin wannan gyambon. Ta matsa masa har ya hau mota. Can aka shafa masa wani abu mai sanyi a cinya, aka bi jijiyar da na'ura, ya ga jininsa da idonsa a allo yana hawa yana komowa. Malamar asibiti mai suna Mariyatu ta yi masa bayani da Hausa: a cikin jijiyar akwai ƴan ƙofofi da ke hana jini komawa ƙasa, nasa sun saki, shi ya sa jinin ke taruwa a ƙafa har fata ta fashe. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa. Surajo ya sa ta maimaita wannan na ƙarshen.

Abin da likitocin ke son sani shi ne, ɗauri mai ƙarfi shi kaɗai, ko ɗaurin tare da allurar kumfa da ke toshe jijiyar da ta lalace, wanne ya fi saurin rufe miki. Su ma ba su sani ba, don haka ƙuri'a ce ke raba mutane. Aka tambaye shi ko ya yarda, ya dangwala yatsa, ƙuri'a ta ba shi ɗauri. Ya ji haushi ƙwarai, don a ganinsa maganin da ba allura wasan yara ne. Mariyatu ta naɗe shi da bandi tun daga yatsu har gwiwa, ta ce ya riƙa tafiya, ya bar doguwar tsayuwa, kuma kowace rana ya kwanta ya ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinsa tudu.

A nan idon Surajo ya yi haske. Ya tambaya ko an ce ga inda zai kwanta. Ta ce ko'ina.

Ai kuwa washegari ya shimfiɗa tabarma a rumfar abokinsa Mamman mai albasa, wadda ke kallon teburin Isaka daidai. Ya jera buhu biyu, ya kwanta rigingine, ya ɗora ƙafa, tafin yana duban fuskar Isaka. A nan ƙasar Adar ko yaro ya san miƙe wa mutum ƙafa zagi ne, balle a ɗaga masa ita sama a tsakiyar kasuwa. Isaka ya kai ƙara wurin sarkin fawa. Surajo ya ce shi majinyaci ne, umurnin likita yake bi, rumfar Mamman kuma a nan Allah ya kafa ta. Kasuwa ta yi ta dariya. Masu saye suka riƙa zuwa teburin Isaka suna waiwayen ƙafar, shi kuwa yana sara nama yana cije leɓe. Surajo bai taɓa jin daɗin magani irin wannan ba.

Kwancen nan ne ya nuna masa abin da mai tsayuwa ba ya gani. Daga ƙasa yana hangen ƙarƙashin teburin, sai ya lura Isaka yana ɗage ƙafar dama yana sosa ta da ta hagu, bakin wandonsa kuma da ɗan jiƙo. Ya gane ciwon kamar yadda yake gane sunansa. Da ya koma Madawa, inda ake ɗora leda a kan mikin a zana faɗinsa don a ga yadda yake raguwa, Mariyatu ta ce sun kusa rufe ɗaukar mutane, in ya san wani mai irin ciwon ya turo shi. Surajo ya ce bai san kowa ba. Ya faɗe ta ido buɗe, bai kuma ji komai a ransa ba.

Damina ta wuce, mikinsa ya koma kamar ƙwayar goro, sannan ya rufe. Wata ranar kasuwa da rana tsaka yana kwance, sai ya ji ihu. Jijiyar Isaka ta fashe, jini yana feshi ƙarƙashin tebur. Mutane suka taru, wani ya kawo igiya zai ɗaure masa cinya, Isaka kuma yana tsaye yana dafe da tebur, jinin sai ƙaruwa yake. Surajo ya ɗan jima yana kallo, gaskiya ya jima fiye da yadda ya kamata. Sannan ya tashi ya ture mai igiyar, ya kwantar da Isaka a ƙasa, ya ɗaga ƙafar ya ɗora a kafaɗarsa, ya danne wurin da sabon bandin da ke aljihunsa kamar yadda aka koya masa a asibiti. Jinin ya tsaya.

Wandon ya zame zuwa gwiwa. Ga jijiyoyi a murɗe, ga gyambo a ƙarƙashin tsumma, ga ƙuda har ya fara sauka. Hajiya Bushira tana tsaye a gaba da kwanonta. Kowa ya dubi Surajo, don kowa ya san abin da yake bin Isaka. Maganar ƙudan nan tana bakinsa, ya wasa ta har ta yi kaifi. Sai idonsa ya faɗa kan tasa ƙafar. In ya faɗe ta ya gaskata Isaka, ya kuma toshe wa kansa hanyar komawa tebur har abada. Ba yadda zai wanke kansa ba tare da ya wanke wannan mutumin ba, abin ya ƙona masa rai.

"Ku duba da kyau," ya ce. "Ciwon tsayuwa na. Ba shi shiga nama, ba a ɗaukatai. Nau haka yake, nai ma haka."

Sarkin fawa ya mayar masa da teburinsa. Masu allura sun riga sun koma Yamai, Isaka ɗauri kawai ya samu a asibitin garin, kuma mikinsa ya daɗe bai rufe ba. Yanzu shi ma yana kwanciya da rana ya ɗaga ƙafa, amma bango yake juya wa tafin. Ya aiko a ba Surajo haƙuri, Surajo ya ce ya ji.

Har yau in azahar ta yi yana barin teburin ya tafi rumfar Mamman, ya jera buhunansa, ya daidaita tafin ƙafarsa da inda Isaka yake. Tabawa ta ce masa ai ƙafa ta warke, mutumin nan kuma ya sha abin da ya sha, ya sauke hakanan.

Ya ce, "Likita ba ta ce in sauke ba."